Atamfar Ba Ta Karkace Ba, Idon Kawu Ne

A makon jiya na yi alkawarin yau za mu ƙarasa maganar kuɗin makarantar yara da yadda ake aika shi gida, to ku yi mini afuwa, zan ɗage ta zuwa wani makon. Akwai abin da ya faru a gidanmu da ya daɗe yana ci mini rai in faɗa muku, sai yanzu mai abin ya ba ni izini, bisa sharaɗin kada in ambaci sunansa. Don haka Kawu kawai za mu ce.

Kawuna ya haura shekara sittin da biyar, kuma fiye da rabinsu a Kumasi ya yi su yana sayar da atamfa da shadda. Daga Lome yake saro kaya. Duk wanda ya san shi a Kejetiya ya san mutum ne mai ido a kan zane. Ya ɗaga turmi sau ɗaya ya kalli rana da shi, zai gaya maka ko zai zuba ko ba zai zuba ba. Wata ranar Talata aka sauke masa dila, ya sa yaronsa ya buɗe, ya ɗauki wata atamfa mai layi-layi, ya duba, ya sake dubawa, sai ya ce an cuce shi. Wai layukan sun karkace daga tsakiya, injin bugawa ya goce. Yaron ya ce, "Alhaji, wallahi ni dai a miƙe nake ganinsu." Ya sha faɗa. Kafin la'asar Kawu ya buga waya Lome ya wanke mutumin da suka shekara ashirin suna ciniki tas, ya ce a zo a kwashe kaya.

Da daddare na je gaishe shi na tarar da shi zaune ya ƙura wa ƙofar ɗaki ido. Ya ce, "Kai ɗan nan, zo ka duba mini. Kafintan nan da ya kafa ƙofar nan, a karkace ya kafa ta?" Na ce Kawu, shekara nawa ƙofar nan tana nan? Ya yi shiru. Can ya sa tafin hannu ya rufe idon dama, ya ce ta miƙe. Ya rufe na hagu, ya ce ta lanƙwashe kamar sandar makiyayi. Daga nan bai ƙara cewa uffan ba, ni ma jikina ya yi sanyi.

Bari in koma baya kaɗan don ku gane inda zaren ya faro. Shekarar da ta gabata Kawu ya je gida babbar Sallah, ya dace da masu aikin ido kyauta, aka cire masa yana a idon dama aka sa masa ƙwayar roba. Bayan aikin an ba shi wata 'yar takarda, an kuma gaya masa aikin ya ɗan zo da tangarɗa, ya riƙa nuna takardar duk inda ya je ganin likitan ido. Ya jefa ta a akwati a can gida ya kamo hanya. Wata takwas bayan haka ya je neman gilashin karatu a nan, aka auna ƙarfin idonsa aka samu 28 a ɗaya, 26 a ɗayan. Na mai lafiya yakan tsaya ne tsakanin 10 da 21. Aka ce hawan jinin ido ne. An so a ɗiga masa maganin da ke buɗe ƙwayar ido don a leƙa can ciki, ya ce a'a, an ce gani yakan dushe na wasu awoyi, shi kuma motar kayansa na hanya. Da aka tambaye shi ta bakin tafinta ko an taɓa yi masa aiki, sai ya ce, "An dai wanke mini shi a gida." Aka rubuta masa maganin ɗigawa, ɗigo ɗaya kowane dare a ido biyun. Sati shida da farawa aka yi rigimar atamfa.

Sunan da muke kiran ciwon nan da shi yana ruɗa mutane. Hawan jinin ido ba jini ne ke hawa ba, kuma mai shi zai iya kasancewa ba shi da hawan jinin da muka sani. A cikin ido akwai wani ruwa garai-garai da ake samarwa dare da rana, yana kuma fita ta wata 'yar magudana. In magudanar ta fara cushewa, ruwan sai ya taru ya matse jijiyar da ke kai gani ƙwaƙwalwa. Jijiyar tana mutuwa ne a hankali, daga gefe-gefe, babu ciwo babu ja, shi ya sa mutum zai shekara da shekaru bai sani ba. Abin da ya mutu kuwa ya tafi ke nan, babu likitan da zai dawo da shi. Kuma mu baƙar fata, musamman na Afirka ta Yamma, ciwon ya fi kama mu da wuri, ya fi yi mana ɓarna. Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Najeriya tsakanin 2005 da 2007 ya gano kusan mutum biyar cikin ɗari na 'yan shekara 40 zuwa sama suna da shi, mafi yawansu ba su ma sani ba. Wanda aka yi a Tema ta nan Gana ya samu kusan bakwai cikin ɗari. Ka ƙirga dattawan da kuke sahu ɗaya da su a masallacin zango, ka yi lissafi da kanka.

Don haka tun kafin in ci gaba, kada wani ya karanta rabin shafin nan ya tafi yana cewa an ce maganin ɗigawa na makantar da mutane. Maganin nan shi ke riƙe da ganin miliyoyin jama'a. Abin da nake so mu sani shi ne, a wasu idanu 'yan kaɗan yakan taɓa wani wuri da ba shi aka aike shi ba, kuma in an lura da wuri gyara ba ya wuya.

Wurin shi ne tantanin gani, wanda likitoci ke kira ratina. Wani siririn tantani ne da ke shimfiɗe a bangon ido ta can baya, shi ke karɓar hoton duk abin da ka kalla. A tsakiyarsa akwai wani ɗan fili da bai fi ƙwayar wake faɗi ba, ana ce masa makula, mu ce cibiyar gani. Da ita kake karatun Alƙur'ani, da ita kake ƙirga kuɗi, kake gane fuskar mai bin ka bashi, kake zura zare a allura. Sauran tantanin na ganin gefe ne.

Maganin da aka ba Kawu, in ka duba kwalinsa za ka ga an rubuta latanoprost. Ya shigo kasuwa a 1996 da sunan Xalatan, yanzu kamfanoni da yawa na yin nasu. Yana da 'yan'uwa, irin su Travatan da Lumigan. Hanya mafi sauƙi ta gane danginsu ita ce ka duba sunan da aka rubuta da ƙananan haruffa a ƙarƙashin babban suna, in ya ƙare da "prost" to ɗan gidan ne, ko a Kwatano ka saya ko a Kano. Likitoci na son su don suna sauke ƙarfin ido sosai, kuma sau ɗaya ake ɗigawa a kwana. Aikinsu shi ne buɗe wa ruwan nan wata hanyar fita ta biyu. Sai dai an ƙera su ne a kan siffar wani sinadari da jiki da kansa yake saki a wurin da ya kumbura. A idon da ba a taɓa yi wa aiki ba, ƙwayar ido ta asali da jakar da take ciki sun zama kamar katanga tsakanin gaba da baya, maganin ba ya isa bayan da yawa. In an yi aikin yana kuma jakar nan ta yage, ko aka bar idon babu ƙwaya gaba ɗaya, to katanga ta faɗi. A irin wannan idon, ƙananan jijiyoyin jini na cibiyar gani kan iya fara tsatsafo, ruwa ya taru a 'yan ƙananan aljihuna kamar saƙar zuma, wurin ya kumbura ya tashi. Ka ɗauka allon majigi ne ya yi tudu a tsakiya. Duk layin da ya faɗa kansa dole ya lanƙwashe. Abin da Kawu ya gani a atamfa ke nan.

Waɗanda ya kamata a fi sa wa ido su ne irin su Kawu da aikinsu ya zo da tangarɗa, da wanda ya taɓa yin kumburin cikin ido, da mai ciwon sukari da ya riga ya taɓa masa tantanin, da wanda jijiyar jinin tantaninsa ta taɓa toshewa. Wanda aka yi wa aikin yana lafiya lau kuwa, haɗarinsa kaɗan ne ƙwarai, kuma da yawansu suna kan wannan magani shekara da shekaru babu abin da ya same su. In yi wa maganin adalci kuma, shi kansa aikin yana yakan jawo irin wannan kumburi a watannin farko ko da ba a ɗiga komai ba, haka ma ciwon sukari. Shi ya sa ba a yanke hukunci daga zaure, sai an duba.

To ga inda Kawu ya yi abin da har yau nake jin haushinsa. Washegari na ce mu tafi asibiti, ya ce sai ya sallami wasu baƙi daga Tamale. Ashe a ransa ya riga ya gama shari'a: tunda ya fara ɗiga abin nan ido ya lalace, don haka ya jefa kwalbar a bayan gado bai gaya wa kowa ba. Ido biyun duka ya daina sa wa, har da na hagun da bai yi masa laifin komai ba. Sati uku cur ina binsa yana yi mini hanya-hanya. Sai da na haɗa shi da Inna, matarsa, ta ce in bai je ba ita za ta kira 'ya'yansa na gida ta gaya musu, sannan ya shiga mota yana ƙunƙuni.

Da aka auna, na hagu ya kai 31. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Likitar, wata mata mai haƙuri, ta sa aka buɗe ƙwayar idon a wannan karon, ta leƙa, nan take ta ga yagewar jakar. Ta tura mu aka ɗauki hoton tantanin da wata na'ura da ake kira OCT. Ba a taɓa idon ma, haɓa kawai kake ɗorawa ka kalli wani ɗan haske, minti biyar an gama. Ta juyo mana da allon kwamfutar, ga aljihunan ruwan nan baƙaƙe a jere. Ta ce, "Baba, wannan kumburin da ya ba ka tsoro, in Allah ya so zai sace. Wanda ya ba ni tsoro ni shi ne sati ukun da ka yi babu magani." Na fassara masa kalma da kalma, ban rage komai ba.

Ta dakatar da mai "prost" ɗin a idon dama, ta ce na hagu ya koma kansa a daren nan. Ta ba shi wani maganin ɗigawa na rage kumburi. Sannan kafin ta rubuta madadin na daman, ta kama hannunsa ta ƙirga bugun zuciya, ta tambaye shi ko yana da asma ko numfashinsa na yin shaƙa. Da ya ce babu, ta rubuta timolol. Na tambaye ta me ya haɗa ido da ƙirji. Ta ce ɗigon da ka sa a ido yakan gangara ta wata 'yar kafa a kusurwar ido ya sauka hanci, daga nan ya shiga jini, shi ya sa wani lokaci kake jin ɗacinsa a maƙogwaro. Timolol tsohon magani ne, tun 1978 ake amfani da shi, ga araha, amma yana iya tayar wa mai asma da ciwonsa, yana kuma rage gudun zuciya. Dabarar da ta koya mana ba ta cin ko sisi: ka ɗiga ɗigo ɗaya tak, ka lumshe ido, ka danne kusurwar da ke kusa da hanci da ɗan yatsa kamar minti biyu. In magani biyu ne, ka bar aƙalla minti biyar a tsakaninsu, in ba haka ba na biyu zai wanke na farko.

Tunda muna kan maganar tantanin gani, akwai wani magani da nake so in ja kunnenku a kansa fiye da na Kawu, don shi nasa ba ya jira. Filokafin ke nan, a kwali za ka ga an rubuta pilocarpine. Daga ganyen wata bishiya ta ƙasar Barazil aka fara samo shi, kuma tun shekarun 1870 ake ɗiga shi saboda wannan ciwo. Yanzu likitoci sun rage rubuta shi sai a wasu nau'o'in ciwon, amma yana nan a kemis-kemis, ga shi da sauƙin kuɗi. Yana tsuke ƙwayar ido ta koma kamar bakin allura, yana kuma ɗaure wata tsoka da ke cikin idon. Shi ya sa mai sa shi yake jin ciwo a saman gira, gari kuma ya yi masa duhu da magariba, abin da direbobinmu masu tafiyar dare ya kamata su sani. Ɗaurewar nan kan iya jan tantanin gani, in dama yana da wuri mai rauni sai ya yage, ruwa ya shiga ta ƙarƙashi ya ɗaga shi daga bango kamar yadda damina ke ɓamɓare yaɓe. Abin ba ya yawan faruwa, amma ya fi samun masu gilashi mai kauri da ba sa ganin nesa, da wanda tantaninsa ya taɓa yagewa. Ko a Amurka, da aka fito da shi a sabon salo a 2021 don masu wahalar karatun kusa, daga baya sai da aka ƙarfafa gargaɗin wannan haɗari a takardarsa. Ƙa'ida ita ce a buɗe ido a duba tantanin kafin a ɗora mutum a kansa.

Alamominsa daban suke da na Kawu. Za ka ga walƙiya a gefen ido alhali babu hadari, ko baƙaƙen ɗigo su watsu a gabanka farat ɗaya kamar an tashi garken ƙuda, ko wani duhu ya fara sauko maka daga gefe kamar ana jan labule. Babu zafi ko kaɗan, kuma wannan shi ke yaudarar mutane. Wanda ya ga haka, ko yana sa filokafin ko ba ya sawa, ranar nan zai nemi likitan ido. Ba gobe ba, ba in an ci kasuwar Juma'a ba. In aka kama shi yana 'yar yagewa, ana iya liƙe ta da hasken leza a zama ɗaya. In aka bari ɗagowar ta kai cibiyar gani, ko an yi babban aiki gani ba ya cika komawa yadda yake. Rufe shago na yini ɗaya ya fi.

Abin da ya fi damuna a duk wannan shi ne irin rayuwarmu ta fatake. An yi maka aiki a Kano, an auna ka a Yamai, ka sayi magani a Lome da takardar Faransanci, ka zo Kumasi ana tambayarka da Turanci ta bakin yaron da bai san kalmar yana ba. Kowane likita guntun labari yake samu. Ga al'adar nan tamu ta aike: magani ya ƙare, a ba direba kwalbar da ta ƙare, in bai samu irinta ba mai kemis ya ce ga wani duk ɗaya ne. Ba duk ɗaya ba ne. Na ga wanda aka kawo wa maganin jan ido mai sitiroyid a madadin nasa, alhali shi wannan ƙara hawan ƙarfin ido yake yi in an daɗe ana sawa. Na kuma ga masu karɓar ragowar kwalbar maƙwabci don wai ciwonsu iri ɗaya ne. Yau kusan kowa na da waya mai hoto. Ka ɗauki hoton takardar aikinka, da kwalin maganinka gaba da baya, da lambar da aka samu duk ranar da aka auna ka. In an tambaye ka ko an taɓa yi maka aiki, ka ce an cire yana an sa roba, a ido kaza, shekara kaza. Kalmar "wanki" ba ta gaya wa likita komai.

Sai zafi. Yawancin latanoprost a firiji ake ajiye shi kafin a buɗe, banda wurin ƙanƙara. In an buɗe, a wuri mai sanyi-sanyi, kuma sati huɗu zuwa shida ne wa'adinsa, gwargwadon abin da takardar cikin kwalin ta ce. Kwalbar da ta kwana biyu a gaban gilashin mota daga Wagadugu zuwa nan, Allah kaɗai ya san abin da ya rage a cikinta. Inna a gindin randa take ajiye na Kawu cikin ɗan gwangwani. Kuma sau ɗaya aka ce, da dare. Wanda ya ƙara don wai ya fi saurin aiki, rage masa ƙarfi yake yi. In ka ga gashin ido ya ƙara tsawo, ko fatar gefen ido ta ƙara duhu, ko idon ya ɗan yi ja a farkon farawa, waɗannan sanannun halayensa ne, ka faɗa wa likita in ka koma, amma ba su ne abin tayar da hankali ba.

Gwajin da ya tona asirin ciwon Kawu kuwa kowa zai iya yinsa a gida sau ɗaya a mako. Likitoci na da wata takarda mai layukan dara da ɗigo a tsakiya da suke bayarwa, amma littafin lissafin shago mai gida-gida ma ya wadatar, ko tayil ɗin masallaci, ko ƙarfen taga. Ka sa gilashin karatunka in kana da shi, ka rufe ido ɗaya, ka kalli wuri guda, sannan ka sauya. Dole sai ɗaya bayan ɗaya, don mai lafiyar yana rufa wa ɗan'uwansa asiri. In layi ya lanƙwashe, ko tsakiya ta yi hazo, ko rubutu ya ƙanƙance a ido ɗaya, ka je a duba cikin kwanakin nan, kuma ka ci gaba da maganinka har sai likita ya ce ka sauya.

Wata biyu da 'yan kwanaki kumburin Kawu ya ɗauka kafin ya sace. Hoton ƙarshe da aka yi ya nuna cibiyar ta kwanta, ƙofar ɗakinsa ta miƙe. Gwajin ganin gefe dai ya nuna akwai wani yanki a saman idon hagu da ya riga ya tafi. Likitar ta ce ba za ta iya rantsuwa ko a sati ukun nan ya tafi ko tun kafin a gano ciwon ba. Kawu bai ce komai ba, amma na lura tun daga ranar ko Lome za shi, kwalaben na cikin aljihun 'yar-cikinsa a wani ƙaramin fulas. Ta kuma ce 'ya'yansa da ƙannensa duk su je a auna su, don ciwon na bin jini. Ni ma na je, 17 da 18, an ce in dawo baɗi.

Dilar atamfar kuwa ba a kai ga kwashe ta ba, yaron ya ɓoye ta a bayan shago ya ce direba bai zo ba. Da idon ya warware Kawu ya sa aka fito da ita, ya ɗaga turmin nan ya kalli rana da shi ya daɗe. Satin da ya biyo baya da kansa ya hau mota zuwa Lome, da ƙwaryar goro da turare, ya je ya ba mutumin haƙuri. Yaron kuma ya samu sabuwar shadda, ko da yake har yau Kawu bai buɗe baki ya ce masa shi ne mai gaskiya ba.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, za mu koma kan kuɗin makaranta.